Homa, Bagauda da tsofaffin Gwantu: abin da handawut bai faɗa mana ba

Rubutun nan yana da tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare.

Duk samistar farko haka ake yi. 'Yan aji ɗaya da ke ɗaukar kwas ɗin gabatarwa ga adabi sun cika azuzuwa da dare, kowa ya rungumi handawut yana haddar ma'anar kalmomi kamar mai haddar lambar waya. Mene ne epik? Doguwar waƙa mai ba da labarin jarumi. Misali? Iliyad da Odisi na Homa. An ci maki biyu, an wuce. Bahaushe dai "efik" zai ce, to kada wani ya ɗauka mutanen Kalaba nake nufi. Ina digiri na biyu a fannin adabi, ni ɗan Gwantu ne a ƙaramar hukumar Sanga, kuma abin da ke damuna shi ne yadda ake koyar da waɗannan kalmomi kamar daga sama suka faɗo. Suna da tarihi, kuma tarihin ya shafe mu fiye da yadda muke zato.

Iliyad layi 15,693 ce, an kasa ta littafi 24. Odisi ta ɗan haura layi 12,000, ita ma littafi 24. Yawancin masana sun sanya su a ƙarni na 8 ko farkon na 7 kafin Miladiyya. Wanda ya kalli fim ɗin Troy na 2004 yana ganin ya san Iliyad, amma gaskiya bai san ta ba. Babu dokin katako a cikinta, babu faɗuwar birnin, babu ma mutuwar Akilis. Shekara goma aka yi ana yaƙin, waƙar ta ɗauki kwana hamsin da 'yan kai kacal daga shekara ta goma. Kuma a kan me? Fushi. Agamemnon, shugaban rundunar Girkawa, ya ƙwace wa Akilis baiwar da aka ba shi a rabon ganima, Akilis ya ce an ci masa mutunci a gaban jama'a, ya koma tantinsa ya naɗe hannu yana kallo ana karkashe 'yan uwansa. Sai da Hekta ya kashe amininsa Fatroklas sannan ya tashi. Wannan fara labari daga tsakiya shi ne abin da ake sa ku haddace da Latin. Kakarka ma in za ta ba ka labarin rigimar gado ba ta farawa daga haihuwar mamacin.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne tazarar da ke tsakanin yaƙin da waƙar. Girkawan dā sun lissafa faɗuwar Turoy a wajen 1184 kafin Miladiyya. A wancan zamani akwai manyan fadoji a Girka, irin su Maisini da Filos, kuma suna da rubutu nasu, wanda Michael Ventris ya warware a 1952 aka gano Girkanci ne. Me aka samu a ciki? Lissafin tumaki, mai, hatsi, ƙafafun keken yaƙi. Ko baiti ɗaya babu. Wajen 1200 kafin Miladiyya fadojin suka rushe, rubutun ya tafi da su. Girkawa suka yi kusan shekara 400 ba sa rubutu, sai a ƙarni na 8 suka aro baƙaƙe daga Finisiyawa suka ƙara musu wasula. Ke nan labarin Turoy a baki ya ƙetare waɗannan shekaru, daga mawaƙi zuwa mawaƙi. Akwai hujja ɗaya da nake so ƙwarai. A littafi na 10 na Iliyad an siffanta wata hular yaƙi da aka jera wa haƙoran gadu. A zamanin Homa an daɗe da daina yin irinta. Masu tonon ƙasa sun zo sun same ta a kaburburan zamanin Maisini. Baki ya riƙe hoton hular tsawon ɗaruruwan shekaru, amma kuma baki ɗin nan ya cuɗa abubuwan zamani daban-daban wuri guda, har ba a iya cewa waƙar hoton wani ƙarni ɗaya ce. Heinrich Schliemann da ya je Hisarlik a ƙasar Turkiyya ta yau a shekarun 1870 yana neman birnin Firiyam, gaggawa ta sa ya haƙa ya zarce, ya lalata ɓangaren zamanin da yake nema. Ɗan kasuwa ne mai kuɗi da zumuɗi, Allah ya raba mu da irin wannan bincike.

To ta yaya mutum zai riƙe layi dubu goma sha biyar a ka? An daɗe ana wannan gardama. Friedrich Wolf, Bajamushe, ya ce a 1795 ba mutum ɗaya ba ne, guntaye ne aka harhaɗa daga baya. Wanda ya kawo amsar da ta zauna shi ne Milman Parry, Ba'amurke. A kundin digirinsa na Faris a 1928 ya lura cewa laƙubban da Homa ke maimaitawa, kamar kiran Akilis da saurin ƙafa ko da yana zaune bai motsa ba, suna da aiki: kowane laƙabi yana cike wani gurbi na musamman a ma'aunin layi. Mawaƙin yana da rumbu na shiryayyun kalmomi, yana ɗauko wanda ya dace da gurbin yayin da yake rerawa. Parry bai tsaya a laburare ba. Tsakanin 1933 da 1935 ya tafi Yugoslabiya da na'urar ɗaukar murya da fayafayan alminiyam, ya nemi mawaƙan gurminsu mai tsirkiya ɗaya waɗanda ba su iya karatu ba. Can ya haɗu da Avdo Međedović, wanda ya ba shi waƙa ɗaya da ta haura layi 12,000, tsawon Odisi ke nan. Akwai ranar da aka sa Avdo ya saurari waƙar wani mawaƙi da bai taɓa ji ba, da aka gama ya maimaita ta nan take, ta fito kusan ninki uku a tsawo. Parry ya rasu a ƙarshen 1935 yana da shekara 33, ɗalibinsa Albert Lord ya ƙarasa aikin a littafin The Singer of Tales na 1960.

Yanzu ku gaya mini, wa ya taɓa sauraron Shata bai gane wannan ba? Waƙa ɗaya, faifai biyu, ba za ka ji su daidai ba. Gindin waƙar yana nan, 'yan amshi suna nan, amma ɗiyan suna canjawa gwargwadon wanda ke zaune a wurin. Dandatti Abdulkadir ya yi digirinsa na uku a Indiyana a 1975 a kan Shata, ya bi shi wuraren wasa yana kallon yadda waƙa ke haihuwa a fili. Abin da ya ɗauki Turawa daga 1795 zuwa 1960 kafin su yarda da shi game da Homa, ɗan Funtuwa ya san shi tun yana goye. Homa ma da kansa ya zana mana irin mawaƙin: a littafi na 8 na Odisi akwai makaho Demodokas da ake jagora zuwa fada, a ba shi kujera da abinci, ya rera labarin Turoy har Odisiyas ya rufe fuska yana kuka. Duk wanda ya zauna Zariya ya ji makafi na rera Imfirajin Aliyu Namangi, wanda shi ma makaho ne, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Haka sauran kalmomin. Kiran allahiyar waƙa da Homa ke buɗewa da shi, gurbinsa ɗaya da mabuɗin waƙa a wurinmu, inda mawaƙi ke fara neman taimako kafin ya shiga jigo. Laƙabin da ba ya rabuwa da jarumi, ɗan uwan kirari ne da take. Ma'aunin Homa ƙafa shida ne a layi, kuma ana auna shi da nauyin gaɓa, doguwa da gajera, wato tushe ɗaya da arulin Larabci da rubutacciyar waƙar Hausa ta aro, sai dai shi babu amsa-amo. Doguwar kamantawa kuwa nan ne Homa ya fi daɗi. A littafi na 11 ya kwatanta Ajas, ƙaton jarumi da abokan gaba ke korawa, da jaki da ya faɗa gonar hatsi, yara suna ta jibgarsa da sanduna yana ci abinsa, sai da ya ƙoshi ya fita. Wallahi duk wanda ya taɓa tsaron gona zai yi dariya. Mutumin da ya tsara wannan manomi ya sani. Kuma mu muna da namu kayan aiki da Hausa: Abdulƙadir Ɗangambo ya ba mu hanyar feɗe rubutacciyar waƙa, jigo da warwararsa, zubi da tsari, salo, Sa'idu Muhammad Gusau ya ba mu turke da tubalai don waƙar baka. Abin takaici ɗan sashen Turanci bai san su ba, ɗan sashen Hausa kuma yana jin Homa ba ruwansa, alhali tsakanin ofisoshin ba ya kai tafiyar minti biyar.

Akwai wani labari da ya kamata a riƙa bayarwa a lakcar farko. Littafin Aristotal a kan waƙa, inda yawancin waɗannan ma'anoni suka samo asali, an fassara shi zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 10. Mai fassarar, Abu Bishr Matta bn Yunus, ya iso kan kalmomin Girkanci na wasan ban tausayi da wasan ban dariya. Larabawan lokacin ba su da dandalin wasan kwaikwayo irin na Atina. Sai ya fassara na farko da madihu, na biyu da hija'i. Yabo da zambo ke nan! Ibn Rushd ya zo a ƙarni na 12 ya yi sharhi a kan wannan fassara, yana kawo misalai daga waƙoƙin Larabawa. Turawa sukan ba da labarin a matsayin kuskure, kuma e, ba daidai ba ne. Amma ni abin da nake gani shi ne kowa da mudunsa yake awo. Iliyad kanta ba ta shiga Larabci cikakkiya ba sai 1904, a fassarar Sulaiman al-Bustani da aka buga a Alƙahira. Malamanmu na Katsina da Sakkwato da suka ƙware a aruli da balaga sun gaji wani reshe na tunanin Girkawa ta hanyar mandiƙi, amma Homa bai biyo wannan ayari ba. Ta makarantar boko ya zo mana, kuma ta kudu: Ibadan ta buɗe sashen nazarin Girka da Rum tun farkon kafuwarta a 1948, Christopher Okigbo can ya yi karatu.

Daga wannan sashe ne aka samu wanda ya tsaya mana a babbar gardamar. A 1970 Ruth Finnegan ta fitar da Oral Literature in Africa, littafin da har gobe yana cikin jerin karatunmu. A 'yan shafuka kaɗan ta ce da ƙyar ake samun epik a Afirka kudu da Sahara, domin abin da ake kawowa ko dai zube ne, ko kuma yabo ne marar labari. Isidore Okpewho, wanda ya fita da daraja ta ɗaya a wancan sashe na Ibadan, ya mayar da martani da littafi sukutum, The Epic in Africa, a 1979. Hujjoji suna nan: Sunjata na Mali da Djibril Tamsir Niane ya buga a 1960 daga bakin maroƙi Mamadu Kuyate, Mwindo na Kwango a 1969, da Ozidi na Ijo, labarin dare bakwai da J. P. Clark ya ɗauka ya buga a 1977. Okpewho ya san Homa da Girkanci, don haka babu wanda zai ce masa bai san abin da yake kwatantawa ba.

To mu fa a Arewa? Nan ne nake rabuwa da wasu abokaina da ke son dole sai mun ce muna da Iliyad. A ganina ba mu da waƙa guda ɗaya mai wannan siffa, kuma ba abin kunya ba ne. Kayan suna nan, amma a rarrabe. Labarin Bayajida yana da duk abin da ake nema, baƙo daga nesa, rijiyar Kusugu, maciji, auren sarauniya, asalin garuruwa, amma a zube ake ba da shi. Tarihin Kano da H. R. Palmer ya fassara a 1908 ya jero sarakuna 48 daga Bagauda, da Barbushe da Tsumburbura a farkonsa, kuma cike yake da kirarin sarakuna da ake gani daga bakin maroƙa aka kwaso, amma da Larabci aka rubuta shi. Waƙar Bagauda da Mervyn Hiskett ya buga a 1964 da 1965 waƙa ce sosai, doguwa, da Hausa, sai dai jerin sarakuna ce da wa'azi, manufarta ta nuna maka kowa ya yi mulki ya mutu, kuma jerin nata bai yi daidai da na Tarihin Kano ba. Waƙar Gewaye ta Nana Asma'u ta bi hijirar Shehu da yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804, ita ce ta fi kusa da labari cikin waƙa, amma marubuciyar ta ga abin da idonta, ba ta jira shekara 400 ba. Sannan ga Narambaɗa a fadar Isa, ga Ɗan Anace da Shago, ga Kassu Zurmi da 'yan tauri. A nan zafin jarumtar yake. In kana son jin abin da Bagirke ya ji da aka ambaci Akilis, saurari Ɗan Anace yana zuga ɗan dambe. Amma makaɗin Hausa ba ya ba ka labari daga farko zuwa ƙarshe, yana ɗauka ka riga ka sani, shi dai ya taɓo maka wurin. Tambayar da ta fi "muna da epik ko ba mu da shi" amfani ita ce me ya sa Hausawa suka raba aikin haka, labari ga masu tarihi, zuga ga makaɗa. Wannan kaɗai ya isa kundin digiri.

Yanzu bari in zo gida, don nan ne abin yake ci mini rai. A daidai ƙarnin da ake rera Iliyad, mutanen yankinmu suna gasa mutum-mutumin yumɓu da duniya ke zuwa kallo yau. An fara tono su a 1928 kusa da ƙauyen Nok wurin haƙar kuza, sai kan nan na Jema'a da ya zo hannun Bernard Fagg a 1943 bayan ya yi zaman korar tsuntsaye a gonar doya. Masanan jami'ar Frankfurt da suka yi aiki daga 2005 sun kai farkon al'adar wajen 1500 kafin Miladiyya, mutum-mutumin kuma daga wajen 900. Sa'o'in Homa ne. Dubi gyaran gashinsu, dubi duwatsun wuyansu, ka san mutane ne masu sarauta da biki da waƙa. Ba mu da kalma ɗaya tasu. Ko sunan da suke kiran kansu ba mu sani ba, sunan ƙauyen da aka tono su muka laƙaba musu. Girkawa sun yi sa'a rubutu ya dawo musu lokacin da mawaƙan ke raye, Atina ta sa ana rera waƙoƙin a bikinta tun ƙarni na 6, malaman Iskandariyya irin su Aristarkas suka tace su, aka yi ta kwafa da hannu har aka buga a Fulorans a 1488.

Nok ta wuce, ba yadda za mu yi. Amma ƙarni na 19 bai gama wucewa ba. Numana, Ninzo, Ayu, Mada, Gwandara, kowa a Sanga da kewaye yana da labarin inda ya fito da dutsen da ya fake. Gwandara suna cewa daga Kano kakanninsu suka taso, masana harshe kuma sun tabbatar babu harshen da ya fi nasu kusa da Hausa. Ga tafiya irin ta Odisi a ƙofar gidanmu. Akwai zamanin masarautar Jema'a ƙarƙashin Zazzau, da hare-hare, da bayi, da waɗanda suka ƙi miƙa wuya, da zuwan Turawa. Wa ya rubuta? A. J. N. Tremearne, jami'in mulkin mallaka da ya zauna a Jema'an Daroro, ya fitar da littafi a 1912 mai suna The Tailed Head-Hunters of Nigeria. Sunan kaɗai ya ishe ka. Shi muke kafa hujja da shi a kundayenmu, saboda shi ne ke kan takarda, alhali a Gwantu akwai tsofaffin da suka ji labarin daga bakin waɗanda aka yi abin a gabansu, wasu cikin waƙar farauta, wasu cikin ta makoki.

Na san dalilin da ya sa muke tsoron taɓa wannan. A hostal ɗaya akwai jikan wanda ya kai hari da jikan wanda aka kai wa, kuma yankinmu ya sha wuya a kan abin da bai kai wannan ba. Amma ku duba yadda Iliyad ta ƙare. Bagirke ne ya tsara ta, ga Girkawa, a kan nasarar Girkawa. Duk da haka mutumin da ya fi kowa shiga rai a cikinta Hekta ne, ɗan Turoy, wanda muka gani yana cire hular yaƙi saboda jaririnsa ya tsorata. A littafi na 24 tsoho Firiyam ya shiga sansanin maƙiya da dare, ya sumbaci hannun da ya kashe ɗansa, ya roƙi gawa. Suka yi kuka tare, kowa yana tuna nasa, suka ci abinci. Waƙar ta rufe da jana'izar Hekta. Ina ganin ɗalibin Zazzau da ɗalibin Sanga za su iya zama su ɗauki labarin hari ɗaya daga ɓangarorin biyu, su ajiye su gefe da gefe ba tare da an tilasta musu zama ɗaya ba.

'Yan aji huɗu da ke neman batun furojet, wayar da ke hannunku ta fi na'urar Parry sau nawa. In kun je hutun Disamba ku nemi izinin tsohon ko tsohuwar tukuna, ku faɗa musu inda muryarsu za ta je. Ku ɗauka da harshen da aka yi waƙar, kada ku ce a juya muku da Hausa, fassara daga baya ce. Ku bar 'yan amshi da surutun masu sauraro a ciki, ku rubuta wuri da rana da wanda ya koya wa mai waƙar. Sannan ku koma bayan kwana uku ko huɗu ku roƙi a sake rera waccan waƙar, ku kwatanta biyun: abin da bai motsa ba da abin da ya canja. Ni zan kasance Gwantu da Fadan Karshi daga tsakiyar Disamba. Wanda ke da tsohon kaset na biki ko makoki a gida, ko da ya fara cin zare, ya yi mini magana ta saƙo, ina da rediyon da ke juya shi zuwa kwamfuta.